Gaggawar me ake yi a mayar da mai jego gida?

Akwai wani yabo da ya zama ruwan dare a gidajen barka a Katsina da Daura, kuma duk lokacin da na ji shi sai raina ya sosu. Za ka ji ana cewa, "Ai wance jaruma ce, da asuba ta haihu, kafin azahar tana ɗakinta." Sai a yi ta Masha Allah. Ba mai tambaya ko an auna hawan jininta kafin ta fito, ko ta yi fitsari, ko jaririn ya kama nono.

Matsayina shi ne: duk macen da ta haihu a asibiti, ko da haihuwar ta zo da sauƙi, kada ta bar gadon sai ta cika awa 24. Bayan ta koma gida kuma ma'aikacin lafiya ya duba ta ita da jaririn a rana ta 3, a sake duba su tsakanin rana ta 7 da ta 14, sannan a mako na 6. Wannan ne tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa. Mu kuwa mace za ta yi watanni tana bin layin awo, sai ranar da haɗarin ya fi kowace rana yawa a tattara kwanuka da fulas a yi gida.

A ƙiyasin hukumar na shekarar 2023, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ciki da haihuwa suka kashe a duniya 'yan Najeriya ne. Jariran da ke mutuwa cikin watansu na farko kuma, kusan uku cikin huɗu a makon farko suke tafiya, wato kafin a yanka ragon suna.

Abin da ungozoma ke tsaro a awannin farko

Idan mabiyiya ta faɗo, wurin da take manne a jikin mahaifa yakan zama rauni buɗaɗɗe, jijiyoyin jini a sake. Ba ɗinki ke tsayar da wannan jinin ba. Mahaifar ce ke dunƙulewa ta matse jijiyoyin da kanta. Shi ya sa ake yi wa uwa allurar oksitosin cikin minti ɗaya da fitowar jariri, inda babu allurar kuma a ba ta ƙwayar misoprostol guda uku, kowace mai nauyin maikurogiram 200.

Daga nan sai tsaro. Kowane minti 15 a awanni biyun farko, ungozoma za ta ɗora hannu a ƙasan cibiyar mai jego. In ta ji mahaifa a dunƙule da tauri, madalla. In ta ji ta yi laushi, sai ta murza har ta sake ɗaurewa, ta kuma nemi dalili. Dalilan sanannu ne: mafitsara ta cika ta hana mahaifa matsewa, ko guntun mabiyiya ya maƙale a ciki, ko doguwar naƙuda ta gajiyar da mahaifar, ko tagwaye ko ƙaton jariri sun buɗa ta fiye da kima. Macen da ta yi haihuwa biyar zuwa sama ta fi shiga wannan haɗari, alhali ita ce aka fi saurin sallama, wai ta saba. In kuma mahaifa na da tauri amma jini bai tsaya ba, to akwai yagewa a bakin mahaifa ko a gaba, sai an haska fitila an ɗinke.

Jinin da ya kai mililita 500, kwatankwacin leda ɗaya ta fiya wata, ya wuce ƙa'ida. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna shi. Zani ya sha, katifa ta sha, saura ya bi ƙasa, sai kowa ya ce ai ba yawa. Macen da dama can jininta ya yi ƙasa tun tana da ciki, ko bai kai haka ba zai iya kayar da ita. Alamun farko su ne jiri, gumi mai sanyi, ƙishirwa da bugun zuciya da sauri. Kafin awon jini ya nuna ya faɗi, an riga an yi nisa.

A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da suka yi bai da wuyar fahimta: a shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin, da zarar ya kai layin sai a haɗa mata komai a lokaci guda, murza mahaifa, oksitosin, allurar tiranekzamik mai rage zubar jini, ƙarin ruwa da binciken inda jinin ke fitowa, maimakon a gwada ɗaya a jira a gani. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Ita allurar tiranekzamik kuma sai an yi ta cikin awa uku da haihuwa take da amfani. Duk wannan yana aiki ne idan matar tana inda hannun ungozoma zai kai gare ta. Wadda aka mayar wani ƙauye a bayan Ɓaure ko Zango, jini ya ɓalle mata da tsakar dare, neman mota kaɗai zai cinye awa ukun.

Wani abu da masu kula da asibitocin karkara ya kamata su riƙe: oksitosin ba ya son zafi, a firji ake ajiye shi. Kwalbar da ta yi watan Afrilu a kan shiryayye a Daura, ana iya yin allurarta mahaifa ta ƙi motsi.

Sai hawan jini. Mutane da yawa sun ɗauka da an haihu ya wuce. Jijjiga tana kama mace bayan haihuwa, musamman a kwana biyun farko, wani lokaci har bayan mako guda. Don haka ake auna jini da zarar an haihu, a sake aunawa cikin awa shida. Daga 140/90 an shiga damuwa, 160/110 kuwa gaggawa ce. Kafin jijjigar takan yi ƙorafin ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko ciwo a ƙahon zuci. A asibiti akwai maganin, magniziyam salfet: giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, a ci gaba da ba ta har awa 24. A gida kuwa sai a ce iska ce, a kawo garwashi da turare, a aika neman rubutu. In hakan ta faru a gida, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a tura mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa, a nemi abin hawa.

Shi ma jaririn yana da nasa lissafin

A goge shi ya bushe, a kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwarsa, a rufe su tare, a sa masa hula. Wanka sai bayan awa 24. Farin maiƙon da ke jikinsa ba ƙazanta ba ne, kariya ce ga fatarsa, kuma jaririn da aka yi wa wanka da asubar hunturu a tsakar gida zafin jikinsa na iya faɗuwa cikin 'yan mintuna. A sa shi a nono cikin awar farko. Dakashin nan mai kauri da wasu ke matsewa su zubar shi ne rigakafinsa na farko, tsotson kuma yana taimaka wa mahaifar uwa ta ƙara dunƙulewa.

A cikin wannan yini ne ake ɗora shi a sikeli. Wanda bai kai kilo 2.5 ba yana bukatar a ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata yawancin yini. A cikinsa ake yi masa allurar bitamin K don kada jini ya ɓalle masa, da allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, da ɗigon shan inna, da rigakafin ciwon hanta wanda ya fi amfani in an yi shi kafin awa 24. A cikinsa ne kuma ake ganin ko ya yi baƙin kashinsa na farko. Jaririn da aka haifa da toshewar dubura ko hanji, sau da yawa ba a gane shi a awannin farko.

"Ai babu gado, Sista ce ma ta ce mu tafi"

Wannan ce hujja mafi ƙarfi, kuma gaskiya ce. Manyan asibitoci irin su Turai Yar'adua da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da babban asibitin Daura, su ake turo wa masu matsala daga ƙananan hukumomi. In wata na naƙuda a kan benci, dole a kalli wadda ta riga ta sauka.

Amma ko da dole ta sa a sallami wasu da wuri, a zaɓa da ƙa'ida, ba wadda danginta suka fi matsa lamba ba. Wadda jininta ya hau ko sau ɗaya, wadda ta zubar da jini da yawa, mai ƙarancin jini, wadda faya ta fashe mata tun jiya, mai zazzaɓi, yarinya mai haihuwar fari, wadda jaririnta ƙarami ne ko bai yi kuka da wuri ba, da wadda gidanta ke nesa ko a yankin da ba a bin hanya da dare saboda 'yan bindiga, irin wasu sassan Batsari, Safana ko Jibiya, waɗannan ba sa cikin lissafin tafiya. Wadda ta rage kuma kada ta fita sai an auna jininta sau biyu, ta yi fitsari, an ga jariri yana tsotso, an kuma rubuta wanda zai je ya duba ta washegari.

Maganin cunkoson ba a manyan asibitocin yake ba. Jihar Katsina na da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34. In asibitin mazaɓa na da ungozoma dare da rana, da ruwa, da wutar sola, da gadaje huɗu na masu jego, haihuwa mai sauƙi ba za ta riƙa tafiya birni tana cinye gadon mai matsala ba.

"A gida akwai mai dafa mata ruwa"

Ban raina jegonmu ba. Al'adar da ke ba mace kwana arba'in tana hutawa, ana dafa mata, ana ɗaukar mata jariri, mai haihuwar fari ma a kai ta gaban mahaifiyarta, abin a riƙe ne da hannu biyu. Kwana ɗaya a asibiti ba ya rage komai daga arba'in ɗin.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake fassara alamun ciwo a ɗakin jego. Kusan komai sanyi ne ko datti. Jini ya ƙaru, a ce datti ne ke fita, a ƙara mata kunun kanwa. Alhali jinin biƙi raguwa yake yi: ja a kwana uku zuwa huɗun farko, sannan ya dusashe. In ya ƙaru, ko guda-guda suna faɗowa, ko yana jiƙa ƙunzugu cikin ƙasa da awa ɗaya, ko ya yi wari tare da zazzaɓi da ciwon mara, to mahaifa ce ta kamu ko wani abu ya saura a ciki.

Ƙafa ta kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da filo, daga ɗaki zuwa bayan gida tana haki: a ce sanyi ya shige ta, a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara kanwa. Waɗannan alamun gazawar zuciya ne, ciwon da ya yi yawa a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa suka yi daga baya ya fi karkata ga hawan jinin lokacin ciki da rashin isasshen abinci mai gina jiki. Ko wanne ne tushen, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma ba a ƙara wa zuciyar da ta gaji ruwa. Mai hawan jini ta bar kanwa gaba ɗaya. Ruwan wanka kuma ya zama wanda mai yi mata wankan za ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bari a ciki. Ganyen darbejiya ba laifi, amma kada a fyaɗa shi a kan ɗinki, na gaba ne ko na tiyata.

Me ya sa rana ta uku

Domin a ranar abubuwa da dama ke haɗuwa. Nono ya kawo, ya yi tauri, jariri ya kasa kamawa, sai wata gwaggo ta ce nonon ba shi da kyau a ba shi ruwa ko madara. Gyaran kuwa ƙarami ne: a ɗan tatse har kan nonon ya yi laushi, a nuna wa uwa yadda zai cika bakinsa da baƙin kewayen ba kan kawai ba, ta ba shi aƙalla sau takwas a yini da dare.

A ranar ce ciwon shawara ke fitowa. Ɗakin mai jego a rufe yake da labule, ba mai ganin launin yaro. A fito da shi hasken rana, a danna goshinsa ko hancinsa da yatsa a ɗaga, a dubi farin idonsa. In rawaya ta sauko har ciki da cinya, balle tafin hannu da na ƙafa, ko ta bayyana tun ranar farko, asibiti ne a ranar, a sa shi a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Shanya shi a rana da ruwan gulukos ba sa maye gurbin wannan. Shawarar da ta hau ƙwaƙwalwa tana barin yaro kurma ko da shanyewar jiki har abada. A kuma raba kayan jariri da kafur ɗin da ake zubawa a akwati, domin akwai yaran da warinsa kaɗai ke farfasa musu ƙwayoyin jini.

Cibiya ma a nan ake ɓata ta. Ana son ta faɗi kafin suna, sai a bi ta da gashi da tsumma mai zafi, da makilin, da toka ko man shanu. Cibiya takan faɗi da kanta tsakanin kwana 5 zuwa 15, ba ruwanta da ranar suna. Abin da ake shafa mata shi ne man kulohekzidin mai kashe ƙwayoyin cuta, sau ɗaya a rana da hannu wankakke, kuma kada ya kusanci ido ko kaɗan. In gindinta ya yi ja, ko tana ruwa da wari, an makara da gida.

A cikin kwanakin nan ne kuma ake kiran wanzami ya cire belu. Belu halitta ce, kowa da shi aka haife shi, ba ya hana tsotso. Cire shi ne ke hanawa, ga zubar jini, ga hanyar shigar cutar sarƙewar haƙora.

Ma'aikaciyar lafiyar da ta zo ziyara za ta ƙirga numfashin jariri na minti guda cif. Daga 60 zuwa sama, ko ƙirji na lotsawa, ko zafin jiki ya kai 37.5 ko ya gaza 35.5, ko ya daina tsotso, ko ba ya motsi sai an taɓa shi, ba a kwana da shi a gida.

Ta kuma nemi 'yan barka su ba ta wuri. Yarinya mai ɗan fari ba za ta buɗe baki a gaban surukarta ta ce fitsari na zubo mata ko ɗinkinta ya buɗe ba. Sai an keɓe, an ce mata, "Ƙanwata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaya mini abin da kike ji."

"Ko mun zauna ba mai kallonmu"

Wannan ƙorafin ma yana da tushe. Ungozoma ɗaya a aikin dare, tana karɓar haihuwa a wannan ɗaki, ba za ta iya zagayen minti 15 a wancan ba. Akwai kuma masu tsawa da baƙar magana, waɗanda su ne ke sa mace ta gwammace ɗakinta. Kwanan asibitin da ba a duba mutum ba shi da maraba da kwanan gida.

Kafin a samu isassun ma'aikata, mai jinya na iya zama idon ungozoma. Minti biyu sun isa a kama hannun inna ko yaya a ɗora a marar mai jego, a ce, "Hajiya, kin ji wannan taurin? In ya saki, ki murza haka ki ƙwala mini kira. Duk ƙunzugun da aka canza ki ajiye mini in gani." Maigida kuma aikinsa bai ƙare da sayen rago ba. Ya bar wayarsa a kunne, ya riƙe lambar mai mota ko mai Napep da zai tashi ko ƙarfe nawa ne, ya tanadi mutum biyu da aka san rukunin jininsu tun kafin watan haihuwa ya kama.

Masu cewa in kwana ya ƙare ko a asibiti sai an tafi, gaskiya suka faɗa. Amma ba wanda ya san kwanan wa ya ƙare, kuma an umarce mu da neman magani.

Wa zai je gidan?

A ƙauyukanmu haihuwar gida ta fi yawa, waɗannan kuwa ziyarar farko cikin awa 24 ya kamata ta zo musu. Ma'aikatan ba daga sama za a sauko da su ba. Makarantun koyon aikin lafiya na Daura da Kankiya suna yaye jami'an lafiyar al'umma, ta Malumfashi na yaye ungozomomi. Ungozomar gargajiya kuma, maimakon a yi ta faɗa da ita, ita ce ta san kowace haihuwa a unguwa kafin mai unguwa ya sani. A ba ta lambar asibitin mazaɓa da ɗan kuɗin kati, aikinta ta kira ta ce an haihu a gidan wane.

Jakar ziyarar ba ta da nauyi: na'urar awon jini, ma'aunin zafi, sikelin rataye, agogo, man cibiya, ƙwayoyin ƙarin jini da uwa za ta ci gaba da sha har wata uku, da littafin rubuta wanda aka gani. Abin da ke kashe irin wannan shiri shi ne kuɗin man babur. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun asibitocin mazaɓu da aka zaɓa, kuma kwamitin raya mazaɓa na da ta cewa a yadda ake kashe su. Duk wanda ke zama a wannan kwamiti, a zama na gaba ya nemi a buɗe littafin haihuwa na watan jiya, a ƙirga mata nawa suka haihu, nawa aka bi gida a rana ta uku, da nawa aka ware wa man babur ɗin da zai kai ma'aikaciyar.